Limfoma ba iri ɗaya ba ce a ko'ina

Mutane da yawa sun daɗe suna ɗauka cewa limfoma, wato sankarar da ke kama ƙwayoyin garkuwar jiki har kaluluwa ta kumbura, cuta ɗaya ce, kuma ta tsofaffi. Ba haka abin yake ba. Nau'o'inta sun kai gommai, kuma kowane yanki da irin wadda ta fi addabarsa.

A shekarar 1958 wani likita mai suna Denis Burkitt, da ke aiki a Uganda, ya ba da rahoton yara masu kumburin muƙamuƙi. Fuska ta karkace, haƙora su yi girgiɗi, kumburin na ƙaruwa cikin 'yan kwanaki. Da ya bi sawun cutar, wadda nau'in limfoma ce, sai ya ga ta fi yawa a wurare masu zafi da damshi, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a cikin irin wannan ƙari. Haɗuwarta da maleriya ce ke share wa cutar fage. Abin takaici, akan ɗauke ta ciwon haƙori har lokaci ya ƙure, alhali tana jin magani in an tare ta da wuri.

A Amurka da Yammacin Turai kuwa, nau'in folikula mai tafiyar hawainiya ya yawaita a tsakanin manya, amma bai cika yawa a Asiya ba. Kudu maso yammacin Japan da tsibiran Karebiyan suna fama da wata dabam, wadda wata ƙwayar cuta mai suna HTLV-1 ke haddasawa.