Ma'anar Layin Preston: Arzikin Ƙasa da Tsawon Rai

Layin Preston zane ne da masanin ƙididdigar jama'a ɗan Amurka, Samuel Preston, ya fitar a 1975. A kwance ana jera ƙasashe gwargwadon kuɗin shigarsu idan an raba shi kan kowane mutum, a tsaye kuma shekarun da ake sa ran jariri zai yi a duniya. Layin kan miƙe sama da sauri wajen ƙasashe matalauta, sannan ya kwanta wajen masu arziki. Ke nan jaka goma da ta ƙaru a gidan manomi a Mirya ko Magarya tana sayen rai fiye da miliyan a gidan attajirin Faransa, domin ita ce kuɗin hatsi lokacin bazara da kuɗin motar kai mai naƙuda likita.

Mutane kan ruɗe da ma'aunin tsawon rai. In an ce tsawon rai a Nijar ya haura shekara 60 kaɗan, ba a nufin dattijo ya shirya likkafani. Matsakaici ne, kuma mutuwar yara ce ke janyo shi ƙasa. A ce yara goma aka haifa, biyu suka rasu a goye, takwas suka kai 70: matsakaicin 56 ne. A ceto ɗaya daga cikin biyun, ya koma 63.

Shi ya sa kuɗi kaɗai ba ya bayyana dukan lamarin. Preston da kansa ya gano cewa tsakanin shekarun 1930 da 1960, ƙaruwar arziki ba ta kawo fiye da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari na ƙarin tsawon rai ba. Sauran daga rigakafi ne, magunguna da tsabta, waɗanda suka ɗaga layin gaba ɗayansa.

Mun ga haka a nan. A 1960 tsawon rai a Nijar bai kai 40 ba. Ƙasar ba ta yi arziki ba, amma gidan sauro, allurar ƙyanda, kula da masu tamowa, da maganin kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 tun 2006 sun rage mutuwa ƙwarai. Nijeriya ta fi mu kuɗin shiga nesa, duk da haka alƙalumanta na tsawon rai suna ƙasa da namu.

Abin da ke ɓata lissafin shi ne rabo. Matatar mai ta SORAZ da ke jihar Damagaram na iya ƙara kuɗin ƙasa tun 2011, amma in unguwannin Damagaram suka kwana biyu ba ruwa a famfo har aka koma ga tabki, gudawa za ta ci gaba da ɗaukar yara.