Karatun 'ya mace da auren zumunci a Saudiyya: tambayoyi da amsoshi

Auren zumunci yana da yawa ne a nan?

Ƙwarai. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar ya nuna fiye da rabin auren Saudiyya tsakanin dangi ake ɗaura shi, mafi yawa kuma 'yar baffa ce ko 'yar kawu ko 'yar gwaggo. Mu Hausawan Makka da Jidda ba a nan muka koye shi ba, tun gida muka san tuwona maina.

To, me karatu ya canza?

Sai a 1960 gwamnati ta fara buɗe makarantun 'yan mata, yau kuwa ga Jami'ar Gimbiya Nura a Riyad, ta mata zalla. Bincike a ƙasashen Larabawa da dama ya nuna auren dangi yana raguwa a tsakanin matan da suka yi nisa a karatu. Yarinyar da ke jami'a ba a yi mata aure da wuri, kafin ta gama kuwa sau da yawa ɗan baffan da aka yi mata kamu ya gaji da jira. Maneman ta sun ƙaru. Babban abin a ganina shi ne bakinta ya buɗe: tana iya durƙusawa ta ce, "Baba, a ba ni lokaci," a kuma saurare ta.

Ke nan mai ilimi ba ta auren ɗan uwanta?

Tana yi, da yawa ma. An san asalinsa, sadaki da sauƙi, surukarta gwaggonta ce. Bambancin shi ne da yardarta aka yi.

Addini fa?

Halal ne. Sayyidina Ali ɗan baffan Annabi (SAW) ne, shi ya auri Nana Fatima.

Ina batun lafiyar 'ya'ya?

Nan ne karatun uwa ya fi amfani. Tun 2004 gwajin jini kafin aure ya zama dole ga 'yan ƙasa, ana duba sikila da talasimiya (wata cutar jini ta gado), amma sakamakon ba ya hana ɗaura aure. Idan su biyun AS ne, wato kowannensu yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila ɗaya, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwan ɗa mai sikila, kuma dangi sun fi haɗuwa a kan ƙwayar gado iri ɗaya. Wadda ta fahimci wannan lissafi ita ce ke neman a yi gwajin tun kafin a kai lefe, domin idan an riga an kama ɗakin biki, iyaye ba kasafai suke yarda a fasa ba.