Tsohuwar kwamfuta da koyon yaren shirya manhaja: tambayoyi da amsoshi

Akwai matasa a Katsina da Daura da ba sa iya wuce tsohuwar kwamfuta a gefen shago ba su tsaya sun leƙa cikinta ba. Tambayoyin da suka fi yawan yi ke nan, tun daga samun na'urar har zuwa rubuta mata umarni.

Malam, wace irin kwamfuta ake magana a kai, kuma wacce zan iya samu a nan?

Kashi biyu ne. Akwai ƙananan kwamfutocin gida da ake jonawa da talabijin: Apple II ta 1977, BBC Micro ta 1981, sai Commodore 64 da ZX Spectrum da suka fito a 1982. Waɗannan sun yi tashe a Amurka da Ingila, amma samun su a kasuwanninmu sai an dace. Kashi na biyu zuriyar IBM PC ce ta 1981, wato su 386, 486 da Pentium. Su ne suka cika ofisoshi da shagunan buga takardu, kuma su ne za ka tarar an jibge a sito ko a hannun 'yan jari bola. Tambayi masu gyaran kwamfuta na kusa da makarantu, da masu tsofaffin shagunan buga takarda. Idan ka shiga Kano, ka leƙa titin Beirut.

A ganinmu, Pentium ko Pentium III ta wadatar da mai farawa. Kayan gyaranta na nan kusa, kuma idan ta ƙone ba a yi asarar a zo a gani ba.

Na samo wata. In jona ta da wuta in gani ko tana tashi?

A'a, dakata tukuna. Yawancin tsofaffin na'urori a wannan jonawa ta farko suke mutuwa.

Fara da bayan akwatin wutar, wato sashen da wayar wuta ke shiga, mai raba wuta ga sauran kayan ciki. Da yawa suna da wani ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Idan makunnin na kan 115 ka jona, za ka ji ƙara ka ga hayaƙi, shi ke nan. Idan na'urar 'yar Amurka ce kuma ba ta da wannan makunni, sai da tiransfomar rage wuta.

Daga nan buɗe murfin ka nemi batir. A Pentium ɗan faifai ne mai sheƙi, CR2032, bolt 3, irin na agogo da rimot ɗin mota, canza shi ba wuya. Matsalar tana ga 386 da 486, waɗanda aka liƙa wa batir mai siffar ɗan ganga a jikin babban allo. Idan ya tsufa yana yoyo, ruwan ya bi layukan tagulla yana cinye su. Alamarsa farin gari ko kore-kore a kewayensa. Datse shi da filaya, ka goge wurin da khal a jikin tsohon burushin haƙori, domin abin da ya zubo kishiyar tsami ne, tsamin khal ke kashe kaifinsa. Sai ka bi da sipirit, ka bar allon ya kwana ya bushe sarai.

Duba kafasitoci, waɗannan 'yan gwangwanaye da ke tsaye a kan allo. Kan kowanne ya kamata ya zama a shafe. Wanda ya kumbura ko ya fitar da ƙasa-ƙasa ya mutu, kuma na'urorin farkon shekarun 2000 sun yi ƙaurin suna da wannan ciwo. Kowane mai gyaran rediyo zai canza maka, muddin an sa mai lambar ƙarfi iri ɗaya kuma ba a juya masa ƙafa ba.

Sannan a auna akwatin wutar da mita kafin a haɗa shi da allo. A sabon irin akwatin da ake kira ATX, haɗa koriyar waya da baƙa da guntun waya, fanka za ta juya. Jar waya ta ba da bolt 5, rawaya 12, mai ruwan lemo 3.3. Idan ta 5 ɗin ta sauka ƙasa da 4.75 ko ta haura 5.25, kada ka yi amfani da shi. A tsohon irin AT, filogi biyu ne ke shiga allo kusa da juna, kuma baƙaƙen wayoyinsu su haɗu a tsakiya. Wanda ya juya su ya ƙona allon.

Mai Commodore 64 ya ƙara kula. Akwatin wutarta na asali idan ya tsufa yakan ɗaga bolt 5 ɗin sama ba tare da wata alama ba, ya kashe ƙwaƙwalwar na'urar. Sabon akwati ya fi arha a kan neman waɗannan guntaye.

Abu ɗaya ba a taɓawa: cikin tsohon skirin mai ƙeya. Yana aiki da dubban bolt, kuma yana riƙe wuta bayan an cire filogi. Wannan aikin mai gyaran talabijin ne.

Ta kunna amma skirin baƙi ƙirin, tana ta ƙara. Ta mutu ke nan?

Sau da yawa datti ne kawai. Zare sandunan ƙwaƙwalwa, ka goge haƙoransu masu ruwan zinariya da kilinar fensir, ka hure ramin, ka mayar har ka ji sun zauna. Haka za ka yi wa katin hoto. Idan ta tashi tana ƙorafin kwanan wata, batirin nan ne.

Yanayin garinmu fa?

Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara ya ƙarasa sauran. Rufe na'urar da zane idan ba a aiki, ka riƙa hure ta da bulowa, kana riƙe da fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. A hunturu kuma jiki na tara wutar nan da ke tsirar mutum idan ya taɓa ƙofar mota. Ita kaɗai ta isa ta kashe guntun ƙwaƙwalwa, don haka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki.

Sitabilaiza dole ce. Kada a jona kai tsaye da ƙaramin janareta, kuma da zarar an ɗauke wuta a cire filogi, saboda dawowarta ce ke yin ɓarna. Mai sola ya fi kowa kwanciyar hankali, in dai inbatarsa mai ba da tatacciyar wuta ce.

Idan babban faifan ajiya ya mutu, ina zan samu irinsa?

Ba sai ka samu ba. Akwai ɗan allo da ke ba katin CompactFlash damar shiga mazaunin IDE, inda ake jona tsohon faifan, kwamfutar ta ɗauke shi a matsayin faifai. Amma 486 da yawa ba sa ganin abin da ya wuce megabait 504, kuma tsarin ajiya na FAT16 da DOS (manhajar da ke tafiyar da waɗannan tsofaffin kwamfutoci) ke amfani da shi bai wuce gigabait 2 a yanki guda, saboda haka ƙaramin kati ya fi. Faifan fulofi mai megabait 1.44 kuma ana maye gurbinsa da wata na'ura mai suna Gotek, wadda ke karanta filash. Idan faifan asali yana aiki kuma daga wani ofis ya fito, share shi gaba ɗaya, takardun mutane amana ne. Wadda ke ɗauke da Windows XP kada ta hau intanet, tun 2014 Microsoft ta daina toshe mata ɓaraka.

Ba ni da ko ɗaya daga cikinsu. Zan iya koyo?

Ƙwarai. Mu ma da nan muke cewa a fara, ko da akwai na'urar. Akwai manhajoji na kyauta masu kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci: VICE don Commodore 64, Fuse don Spectrum, DOSBox don DOS. Ko a wayar Android ana samun irinsu, sai ka haɗa kibod da wayar OTG. A DOSBox, ƙirƙiri folda mai suna tsoho, ka rubuta mount c c:\tsoho, sannan c:, ka shiga. Ga ainihin na'ura kuwa akwai FreeDOS, kyauta ne, sai dai a ƙona shi a CD domin tsofaffin Pentium ba sa tashi daga filash.

Da wane yare zan fara?

BASIC. John Kemeny da Thomas Kurtz ne suka ƙirƙiro shi a kwalejin Dartmouth a 1964, musamman don ɗaliban da ba su san komai ba. A Commodore 64 yana jiranka da zarar ka kunna, skirin ya nuna maka bait 38911 ne ka mallaka. Gwada wannan:

10 INPUT "KUDIN TIYA DAYA";K
20 INPUT "TIYA NAWA";N
30 PRINT "JIMILLA";K*N

Rubuta RUN, ta tambaye ka, ta yi lissafi. LIST zai sake nuna maka layukan. Ana ƙirga su goma-goma don a samu wurin cusa layi na 15 daga baya.

Ga inda Bahaushe ke tuntuɓe. Wannan BASIC haruffa biyu na farko kaɗai yake dubawa a sunan ma'ajiyar lamba (irin K da N na shirin da ke sama), don haka KUDI da KUKA abu ɗaya ne a wurinsa: ka zuba lamba a ɗaya, ta goge ta ɗayan, kuma ba zai ce maka uffan ba. Idan ka sa wa ma'ajiya suna GORO zai ce SYNTAX ERROR, domin ya hango umarninsa na GO a farkon sunan. TIYA ma ba ta shiga, TI sunan agogon na'urar ne.

Sai batun manyan lambobi. Ma'ajiyar cikakkiyar lamba mai bit 16 ba ta wuce 32,767. Da kuɗinmu na yau, buhu biyu kawai ya isa ya fasa ta. A QBasic, wanda ya zo tare da MS-DOS 5 a 1991, za ka ga Overflow. Turbo Pascal kuwa shiru zai yi: ka tara 20,000 da 20,000 ya ba ka -25,536. Wanda ya zauna ya gano dalilin wannan amsa ya fahimci yadda kwamfuta ke ajiye lamba fiye da wanda ya haddace babi guda.

Me ya sa ba zan tafi Python kai tsaye ba?

Idan aiki kake nema cikin gaggawa, tafi. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, shi kasuwa ke so, ba wanda zai ɗauke ka aiki don ka iya BASIC. Amma Python yana ɓoye maka ƙwaƙwalwar na'ura, tsohuwar kuwa a buɗe take. Rubuta POKE 53280,0 a Commodore 64, nan take gefen skirin ya koma baƙi, domin ka sa sifili a ainihin gurbin da ke riƙe da launinsa. Kamar koyon kanikanci ne a kan tsohon babur, komai idonka na ganinsa.

Kada dai ka daɗe a BASIC. Wata ɗaya ko biyu sun isa ka kama FOR, IF da GOSUB. Yawan tsalle da GOTO yana cukurkuɗa shiri har mai shi ya kasa bin sawunsa, tun 1968 Edsger Dijkstra ya yi kashedi a kai. Daga nan koma Pascal na Niklaus Wirth, wanda zai tilasta maka tsari, ko C na Dennis Ritchie, wanda har yau da shi ake rubuta zuciyar Linux. Mu C muka fi so: da manhajar cc65 za ka rubuta wa Commodore 64, da manhajar Open Watcom ka rubuta wa DOS, kuma gobe shi za ka tarar idan ka ɗauki Arduino, ɗan allon da ake sarrafa na'urori da shi. Mai ƙarfin hali ya leƙa yaren injin 6502, wanda Commodore 64 ke ji kai tsaye, umarni 56 ne kacal. POKE ɗin nan na sama a can layi biyu ne, LDA #0 da STA $D020.

Wane ƙaramin aiki zan sa a gaba?

Waɗannan na'urori ba su san ƙ, ɗ da ɓ ba, to ka koya musu. Kowane harafi ɗigo takwas ne a tsaye, takwas a kwance. Zana gidaje 64 a takardar lissafi, ka cike waɗanda suka fitar da siffar ƙ. Kowane layi lamba ɗaya ne: daga hagu gidajen na ɗauke da 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1, sai ka tara na waɗanda ka cike. Idan huɗun tsakiya ne, 32 da 16 da 8 da 4, ka samu 60.

Spectrum ta fi sauƙi a nan, domin ta ware gurabe 21 don haruffan da mutum ya ƙirƙira. Zuba lambobinka takwas a layin DATA, sannan:

10 FOR n=0 TO 7
20 READ x
30 POKE USR "a"+n,x
40 NEXT n

Bayan RUN, PRINT CHR$ 144 zai fito da harafinka. Idan ya fito a juye, kuskuren shi ne ka fara ƙirga gidajen daga dama maimakon hagu. Idan ta tsaya da saƙon Out of DATA, lambobin ba su cika takwas ba. Ɗ da ɓ kuma sai su shiga USR "b" da USR "c", a kira su da 145 da 146.