Kwamitin Mata na Baje Kolin Chicago, 1893

Kwamitin Mata na Baje Kolin Chicago hukuma ce ta mata zalla da Majalisar Dokokin Amurka ta kafa a 1890, domin kula da sha'anin mata a babban baje kolin duniya da aka yi a birnin Chicago daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Oktoban 1893. An shirya bikin ne don tunawa da cikar shekara 400 da isar Kolumbus nahiyar Amurka. A lokacin, mata a mafi yawan jihohin ƙasar ko ƙuri'a ba su da ikon jefawa. Sai a 1920 wannan 'yanci ya game ƙasar.

Asalin kwamitin

Abin da masu fafutuka irin su Susan B. Anthony suka nema shi ne a ba mata kujeru a cikin babbar hukumar bikin, su zauna tare da maza. Ba su samu ba. Sai aka ware musu nasu kwamiti mai mambobi sama da ɗari: mata biyu daga kowace jiha da kowane yanki, da wasu tara daga Chicago. Doka ta ba su ikon naɗa alƙalan gasa a duk inda ake auna kayan da mata suka sa hannu wajen yin su.

A zaman farko, a Nuwamban 1890, aka zaɓi Bertha Honoré Palmer shugaba. Matar attajiri Potter Palmer ce, mai otal ɗin Palmer House, kuma mace ce da ta san hanyar shiga wurin manya. Ta zagaya Turai tana neman goyon bayan matan sarauta, har Sarauniya Margherita ta Italiya ta aiko da tsofaffin leshin hannu aka baje.

Ba a zauna lafiya ba. Sakatariyar kwamitin, lauya Phoebe Couzins ta jihar Missouri, ta yi ta sa-in-sa da Palmer har aka tsige ta a 1891. Ta kai ƙara kotu, ba ta yi nasara ba. Wata ƙungiyar mata mai suna Ƙungiyar Sarauniya Isabella kuwa cewa take a baje aikin mace kusa da na namiji, kada a keɓe shi a gefe kamar abin tausayi. Wannan gardama ita ce ƙashin bayan tarihin kwamitin, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa.

Ginin Mata

Babban aikin kwamitin shi ne Ginin Mata. An buɗe gasar zana shi ga mata kaɗai, Sophia Hayden ta lashe tana da shekara 21, ba ta daɗe da kammala karatun zanen gine-gine a jami'ar MIT ba. An ba ta dala 1,000, alhali mazan da suka zana manyan gine-ginen bikin sun karɓi ninkinta goma. Wahalarta ba ta tsaya nan ba. Palmer ta riƙa karɓar kyautar ginshiƙai, ƙofofi da sassaƙe-sassaƙe daga matan jihohi, tana so a cusa su duka a jikin ginin, ita kuma Hayden tana ganin za su ɓata mata tsari. Aikin ya jigata ta har ta kwanta. Ba ta sake zana wani gini da aka gina ba, duk da ta rayu har 1953.

A cikin babban zauren akwai manyan zanen bango biyu suna fuskantar juna, ɗaya na Mary Cassatt, ɗaya na Mary MacMonnies. Akwai ɗakin karatu da Candace Wheeler ta ƙawata, cike da dubban littattafan da mata suka rubuta. Kwamitin ya kuma tsaya aka yi Ginin Yara, inda uwa za ta bar ɗanta a hannun masu reno ta je ta sha kallo. Kwamitin ya sa Majalisa ta buga tsabar rubu'in dala mai hoton Sarauniya Isabella ta Sifaniya, ana sayar da kowace a kan dala ɗaya.

Waɗanda aka bari a waje

Ko mace baƙar fata ɗaya babu a cikin kwamitin. Da ƙungiyoyinsu suka nemi wakilci, sai aka fake da cewa kansu ba a haɗe yake ba, uzurin da bai gamsar da kowa ba. 'Yar jarida Ida B. Wells, tare da Frederick Douglass da wasu, ta wallafa ƙasida kan yadda aka mayar da baƙaƙen Amurka saniyar ware, ta riƙa raba ta a rumfar ƙasar Haiti. A taron mata na duniya da May Wright Sewall ta jagoranta a Mayun 1893, mata baƙar fata shida sun yi jawabi, cikinsu har da Anna Julia Cooper da Fannie Barrier Williams.

Kamar yawancin gine-ginen bikin, Ginin Mata na wucin gadi ne, an rushe shi bayan an tashi. Zanen Cassatt da na MacMonnies an kai su ajiya, daga nan suka ɓace.