Whitney Houston

Whitney Elizabeth Houston (9 ga Agusta 1963 zuwa 11 ga Fabrairu 2012) mawaƙiya ce Ba'amurkiya, wadda ta fara da tallan kayan ƙawa a mujallu, daga baya ta shiga fim. Tana cikin mawaƙan da aka fi sayen faya-fayansu a duniya, kuma ta ci lambar Grammy, babbar lambar yabo ta waƙa a Amurka, sau 6.

Asali da tasowa

An haife ta a birnin Newark na jihar New Jersey, a gidan da waƙa gado ce. Mahaifiyarta, Cissy Houston, ita ce jagorar ƙungiyar Sweet Inspirations, 'yan amshin da suka yi wa Aretha Franklin da Elvis Presley aiki. Dionne Warwick da Dee Dee Warwick 'yan uwanta ne ta wajen uwa. Bayan tarzomar Newark ta 1967 iyalin suka koma East Orange. A cocin New Hope Baptist, inda Cissy ke kula da mawaƙa, Whitney ta koyi riƙe numfashi da jan murya, kuma tana da kimanin shekara 11 aka fara ba ta baiti ita kaɗai. Kafin ta gama sakandare tana bin mahaifiyarta gidajen rawa na New York, tana kuma yi wa Chaka Khan da Lou Rawls amshi a sitidiyo.

Tallan kayan ƙawa

Wannan sana'a ba ta daɗe a cikinta ba. Hotonta ya fito a bangon mujallar Seventeen a 1981, lokacin da da wuya a ga baƙar fata a wurin, sannan a cikin Glamour da Cosmopolitan, da tallan lemon Canada Dry a talabijin. An ruwaito cewa ta ƙi aiki da kamfanonin da ke hulɗa da Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata.

Arista da faya-fayan farko

A 1983 Gerry Griffith, mai farautar sababbin mawaƙa a kamfanin Arista, ya ja hankalin shugabansa Clive Davis zuwa gare ta, aka ƙulla kwantiragi. Davis bai yi gaggawa ba. Kusan shekara biyu aka ɗauka ana tace waƙoƙi, aka raba aikin tsakanin furodusoshi huɗu: Kashif, Michael Masser, Jermaine Jackson da Narada Michael Walden. Whitney ba marubuciyar waƙa ba ce, sai jefi-jefi. Aikinta ta karɓi waƙar da wani ya rubuta ta mai da ita tata.

Faifan mai sunanta ya fito ranar 14 ga Fabrairu 1985, kuma da lissafi aka jera waƙoƙin da za a saki. An fara tura "You Give Good Love" gidajen rediyon baƙar fata don a kafa ta a gida, sannan aka tsallaka zuwa na kowa da kowa da "Saving All My Love for You", wadda ta kawo mata Grammy na farko a 1986. Bidiyon "How Will I Know" ya buɗe mata ƙofar tashar MTV, wadda a wancan lokaci ake zargi da ƙyamar saka baƙaƙe. Faifan ya yi mako 14 a saman jadawalin Billboard, mujallar da ke jera faya-fayai da waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka.

Na biyu, Whitney, ya fito a Yunin 1987, ya zama faifan mace na farko da ya hau lamba ɗaya tun makon fitowarsa. Zuwa Afrilun 1988 waƙoƙinta 7 a jere sun hau lamba ɗaya, ta wuce 6 ɗin da Beatles da Bee Gees suka yi. A watan Yunin shekarar ta yi waƙa a filin Wembley na Landan, a bikin cikar Nelson Mandela shekara 70 yana kurkuku.

Dabarar tsallakawa zuwa rediyon kowa da kowa ta jawo ƙorafi. Wasu baƙaƙen Amurka sun ce an wanke mata salon coci don a faranta wa Turawa, har aka yi ihun raini da aka kira sunanta a bikin ba da lambobin yabo na kiɗan baƙaƙe na Soul Train na 1989. Faifan 1990, I'm Your Baby Tonight, wanda L.A. Reid da Babyface suka sa wa hannu, ya karkata zuwa kiɗan baƙaƙe, ana kuma ɗaukarsa amsar wannan suka.

Taken ƙasa

Ranar 27 ga Janairu 1991, ana tsakiyar yaƙin Tekun Fasha, ta rera taken Amurka a wasan Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, a birnin Tampa. Asalin taken bugu uku-uku yake tafiya. Aka mai da shi huɗu-huɗu, abin da ya ba ta sararin jan kowace gaɓa. Muryar da aka watsa an naɗe ta tun kafin ranar, kuma an ɗan yi ce-ce-ku-ce a kan haka.

Fim

The Bodyguard, 1992, shi ne fim ɗinta na farko: ta fito a matsayin mawaƙiya Rachel Marron, Kevin Costner yana mai tsaron lafiyarta. Masu sharhi ba su yaba ba, amma fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 400. Babbar waƙarsa, "I Will Always Love You", ta Dolly Parton ce tun farkon shekarun 1970, kuma ba ita aka shirya ba da farko. An bar waƙar da aka zaɓa da farko ne bayan an gano wani fim ya riga su amfani da ita. David Foster ya tsara kiɗan. Kusan daƙiƙa 45 na farko murya ce tsurarta babu kiɗa, abin da aka ji tsoron rediyo ba za ta karɓa ba, Costner ya dage. Kiɗa yana shigowa a hankali, Kirk Whalum ya busa sakso, sai a yi ɗif, ganga ta buga sau ɗaya, amshin ƙarshe ya ɗaga sama da mataki guda. Waƙar ta yi mako 14 a lamba ɗaya. Faifan fim ɗin ya ci Grammy na faifan shekara a 1994, ana kuma kiyasta an sayar da kofi kusan miliyan 45. A Nuwamban shekarar ta yi wasa uku a Afirka ta Kudu: Durban, Johannesburg da Cape Town.

Sai Waiting to Exhale a 1995, da The Preacher's Wife a 1996 tare da Denzel Washington, inda ta koma waƙoƙin coci. A 1997 ta shirya Cinderella don tashar ABC, Brandy tana jarumar, ita kuma ta fito a matsayin aljanar da ke taimakonta.

Murya

Masana suna sanya muryarta a ta tsakiya cikin muryoyin mata. Ƙarfinta yana wajen ɗaga sautin ƙirji sama ba tare da ya tsage ba, da lanƙwasa gaɓa ɗaya a kan sautuka da dama. Masu kwaikwayonta a gasar waƙa ta talabijin sukan cika lanƙwasar tun daga baitin farko, alhali ita takan fara a ƙasa-ƙasa ta ajiye ƙarfin sai ƙarshe. Irin wannan waƙa tana cin maƙogwaro. Daga wajajen 2000 muryar ta fara dushewa, saman ya ragu. Ana danganta hakan da shan taba da ƙwaya da yawan yawon wasa.

Shekarun ƙarshe

Ta auri mawaƙi Bobby Brown a Yulin 1992, suka haifi Bobbi Kristina a 1993, aka raba auren a 2007. Faifanta My Love Is Your Love na 1998 ya samu yabo, a 2001 kuma ta sabunta kwantiragi da Arista a kan dala miliyan 100. A hirarta da Diane Sawyer a 2002 ta amsa cewa ta sha ƙwaya. Faifanta I Look to You ya hau lamba ɗaya a 2009, amma a yawon wasan 2010 'yan kallo sun yi ta ƙorafin muryar.

Ta rasu ranar 11 ga Fabrairu 2012, bayan an same ta a bahon wanka a otal ɗin Beverly Hilton, jajibirin bikin Grammy, tana da shekara 48. Binciken likita ya ce nutsewa ce bisa tsautsayi, ciwon zuciya da hodar iblis suka taimaka. An yi jana'izarta a cocin New Hope, aka binne ta a Westfield kusa da mahaifinta. Fim ɗinta na ƙarshe, Sparkle, ya fito a Agustan 2012, a 2020 kuma aka shigar da sunanta zauren Rock and Roll Hall of Fame.