Waiwaye: Yadda Ƙarshen Lost Ya Raba Kan Masoyansa

A daren Lahadi 23 ga Mayu 2010 tashar ABC ta Amurka ta haska kashi na ƙarshe na Lost, fim mai dogon zango da aka shafe shekara shida ana bi. Mutum wajen miliyan 13 da rabi ne suka zauna gaban talabijin a Amurka kaɗai. A Birtaniya kuwa da asuba aka tashi, ƙarfe biyar, domin lokaci guda aka haska shi da yammacin Amurka don kada a riga su jin yadda ta ƙare. Kafin hantsi masoya sun dare gida biyu. Wasu sun sha kuka suna cewa ba su taɓa ganin bankwana mai daɗi irin wannan ba, wasu kuma suna rantsuwa an yi musu sakiyar da ba ruwa. Har yau, in ka ambaci Lost a gaban mutum biyu da suka kalle shi, da wuya su tashi baki ɗaya.

Ga wanda bai gani ba, labarin wani jirgin sama ne, Oceanic 815, da ya taso daga Sydney ta Ostireliya zai je Los Angeles, ya tarwatse a kan wani tsibiri da babu shi a taswira. Tun kashin farko, a Satumbar 2004, aka fara jibga wa mai kallo abubuwan ɗaure kai: farar beyar irin ta ƙasashen ƙanƙara tana gudu a dajin zafi, dodo na baƙin hayaƙi mai tumɓuke itatuwa, gurgu da ya miƙe da ƙafafunsa bayan faɗuwar jirgin. Can gaba aka tono wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, da mutum a ciki yana danna lambobi shida, 4, 8, 15, 16, 23, 42, a kwamfuta duk bayan minti 108, wai in ya fasa duniya ta tashi.

Ni a faifai na kalle shi, a shagon wani abokina, janareto na ta ƙugi a bakin ƙofa. Ba na manta ranar da aka nuno Mista Eko, ɗan Najeriyar da Adewale Akinnuoye-Agbaje ya fito a matsayinsa, tare da ƙaramin jirgin masu safarar ƙwaya da ya taso daga Najeriya ya maƙale a kan wani tsauni na tsibirin. Wani a cikinmu ya tsayar da faifan ya ce, "Ku tsaya, wannan ƙwarya-ƙwaryar jirgin da wane mai ya kai tekun Fasifik?" Muka kwashe rabin sa'a muna musu. To haka fim ɗin yake yi wa mutum, kuma a nan tushen rigimar yake.

A wasan kacici-kacici namu akwai ƙa'ida. Idan ka kasa, sai ka ba da gari, mai tambaya ya ci garinsa, sannan dole ya faɗi amsa. Wanda ya ci gari ya kama bakinsa, ba a sake zama da shi. Ƙorafin masu fushi da Lost ke nan in an taƙaita: sun ba da gari har kashi 121, aka cinye, aka tashi.

Amma ba a kan Lost aka fara ba. A Fabrairun 1968 aka kawo ƙarshen The Prisoner a Birtaniya, labarin wani ɗan leƙen asiri da aka tsare a wani ƙauye aka laƙaba masa Lamba Shida. Kashi 17 ana jiran a ga wane ne Lamba Ɗaya mai juya komai. Da aka zare masa abin rufe fuska sai ga fuskar biri, aka sake zarewa sai ga fuskar jarumin kansa. Mutane suka cika layukan wayar tashar da kira, kuma Patrick McGoohan, wanda ya rubuta kashin ya kuma fito a ciki, ya faɗa da bakinsa daga baya cewa sai da ya ɓuya na ɗan lokaci. A wannan shekarar ce kuma masoyan Star Trek a Amurka suka yi wa tashar NBC ruwan wasiƙu har ta ƙara wa shirin zango na uku. Daga nan 'yan kallo suka gane cewa muryarsu tana da nauyi, duk da cewa makaminsu a lokacin bai wuce tarho da kan sarki ba, fushin kuma yakan huce kafin wasiƙa ta isa.

Sauran misalan sai a bi su da sauri. A Disambar 1981 BBC ta rufe Blake's 7 da harbe jarumansa ana saura kwana huɗu Kirsimeti. A Mayun 1993 Quantum Leap ya ƙare da rubutu a baƙin allo cewa jarumin bai taɓa komawa gida ba, kuma ko sunansa ba a rubuta daidai ba, an yar da harafi ɗaya. A 2005 aka ƙare Star Trek: Enterprise ta hanyar ɗauko jaruman wani tsohon shirin su zo su mamaye kashin ƙarshe, masu gida suka zama baƙi a gidansu.

Wanda ya fi kusa da Lost shi ne Battlestar Galactica, a Maris 2009. Shiri ne na jiragen sararin samaniya da mutum-mutumi masu kama da ɗan Adam, an gina shi kan siyasa da yaƙi da lissafi. A ƙarshe tsirarun da suka tsira suka sauka a duniyarmu shekara dubu 150 da suka wuce, suka tura jiragensu cikin rana suka ƙone, jaruma Starbuck ta ɓace ɓat ana tsakiyar magana da ita, aka jingina sauran bayani ga ikon wani abin bauta. Masu son kimiyya zalla suka ce an kawo su bakin rijiya an ɗauke guga. Shekara guda bayan haka Lost ya zo ya fama wannan gyambon.

Abin da ya bambanta zamanin Lost shi ne intanet. Masoya suka kafa kundin Lostpedia a 2005, suna tsayar da hoto su karanta rubutun da ya gilma a bango cikin ƙiftawar ido, suna bin diddigin sunayen jarumai irin su Locke da Hume da Rousseau zuwa masana falsafar da aka aro sunayen daga gare su. Masu shirin ba su hana ba, zuga wutar ma suka yi. Damon Lindelof da Carlton Cuse, jagororin marubutan, suna da shirin murya da suke amsa tambayoyin masu kallo, a 2006 kuma aka ƙirƙiro wani wasan farautar alamu a intanet. Sai a Mayun 2007 aka sanar cewa shirin zai ƙare a 2010. Wannan sanarwa ita ce aka riƙe a matsayin alkawari: tunda sun san ranar sauka, ashe sun san hanya.

Ranar sauka ta zo. Zuciyar tsibirin ashe wani haske ne a cikin kogo, da toshiyar dutse da ake zarewa a mayar. Jack, likitan da labarin ya buɗe da buɗewar idonsa, ya mayar da toshiyar, ya kwanta cikin gora a inda ya fara farkawa, kare na gefensa, ya rufe ido. Waccan rayuwa ta biyu da aka yi ta nunawa a zango na shida, inda jirgin bai faɗi ba, sai ta zama wani masauki bayan mutuwa inda suka taru a coci kafin su wuce gaba tare.

Nan aka samu babbar rashin fahimta. Dubban mutane suka tashi da cewa ashe tun faɗuwar jirgin duk matattu ne. Ba haka ba ne, kuma fim ɗin ya faɗa ƙarara: mahaifin Jack ya gaya masa duk abin da ya faru ya faru da gaske, wasu sun riga shi mutuwa, wasu sun daɗe bayansa. Abin da ya dagula lissafi shi ne hotunan tarkacen jirgi a bakin teku, babu kowa, da aka saka lokacin da sunaye ke wucewa. Tashar ce ta saka su, ba marubuta ba, kuma sai da ta fito ta yi bayani. Amma maganar ta riga ta bi duniya, har yau ana maimaita ta.

A ganina wannan ƙorafin ba shi da tushe, amma ɗayan, na tambayoyin da aka bari ba amsa, yana da shi. An amsa wasu abubuwa, misali lambobin nan shida an nuna kowace tana tafe da sunan ɗaya daga waɗanda aka zaɓa su gaji tsaron tsibirin. Sai dai yaron nan Walt, da aka yi zango guda ana nuna yana da wata baiwa, an bar zancensa a rataye. Marubutan sun zaɓi su biya bashi da hawaye, alhali da tambaya suka karɓi rancen. Su ma kamar sun san da saura, domin a faifan da ya fito a Agustan 2010 sun ƙara wani ɗan guntun kashi na minti 12 da ya taɓo zancen beyar da na Walt.

Abin bai tsaya nan ba. Sunan Lost ya koma abin misali. A 2011 marubucin littattafai George R. R. Martin ya faɗa a wata hira cewa yana tsoron kada ƙarshen nasa labarin ya yi irin ta Lost, maganar da ta yi wa Lindelof zafi. Shekara takwas bayan haka, a Mayun 2019, aka ƙare Game of Thrones da aka ɗauko daga littattafan Martin ɗin, sai ga mutum sama da miliyan ɗaya da rabi sun sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a sake zangon ƙarshe gaba ɗaya. Ba a sake ba.

Lindelof kuwa ya sha zagi shekara uku a Twitter, ya rufe shafinsa a 2013. Da ya dawo da The Leftovers a 2014, labarin ɓacewar kashi biyu cikin ɗari na mutanen duniya a rana ɗaya, tun kafin a yi nisa ya shaida wa 'yan kallo kada su zauna jiran a gaya musu inda mutanen suka tafi. Shirin ya ƙare a Yunin 2017, masu sharhi suka yi ta yabo, ba a kuma ji an nemi kansa ba.