Mene ne SOP, kuma me ya sa yake ƙarewa a cikin fayil?

Duk wanda ya taɓa aiki a banki, asibiti, ƙungiyar agaji ko masana'anta ya ji ana cewa "a bi SOP". Haruffan gajarcen Standard Operating Procedure ne a Turanci, abin da ake nufi kuwa shi ne rubutaccen bayanin yadda ake yin wani aiki guda daki-daki: wa zai yi, da me zai yi, me ake farawa da shi, me ke biye, kuma in abu ya ɓaci wa za a kira. Ya bambanta da manufar kamfani. Manufa za ta ce "ruwanmu mai tsafta ne". SOP shi zai faɗi ranar da ake wanke tanki, da wane sinadari, sau nawa ake ɗaurayewa, da inda wanda ya yi aikin zai sa hannu.

Amfaninsa a fili yake. Aiki ya fito iri ɗaya ko wa ya yi shi, sabon ma'aikaci ya koya ba tare da ya yi wata uku yana bin bayan wani ba, kuma ranar da gwanin wurin ya ajiye aiki kada ya tafi da ilimin a kansa. Har gwanin ma yana buƙatarsa. A watan Oktoban 1935 wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi a filin gwaji na Dayton da ke Amurka jim kaɗan da tashinsa, saboda ƙwararrun matuƙa sun manta ba su saki makullin da ke riƙe sitiyarin jirgin ba. Bayan wannan haɗari ne aka fito da ɗan jerin abubuwan da matuƙi ke dubawa kafin ya tashi, wanda har yau ake karantawa a kowane jirgi.

A Najeriya, yawancin masu ƙananan masana'antu sun san kalmar ne ta hanyar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Mai gidan fiya wata ko gidan burodi da ke neman rajista sai ya nuna rubutaccen tsarinsa na sarrafa kaya da na tsaftace wuri. Manyan kamfanoni kuma suna rubutawa don samun ISO 9001, wato shaidar ingancin tsarin aiki ta ƙasa da ƙasa. To a nan gizo ke saƙa. Mai gida ya biya wani ya haɗa masa takardun, sau da yawa kwafin na wani kamfani ne aka sauya suna, a ɗaure su da bango mai kyau, jami'ai su zo su duba su tafi. Daga ranar fayil ɗin ya shiga durowar manaja, yaran da ke kan inji kuwa su ci gaba da yi yadda wanda suka tarar ya koya musu.

Tazarar da ke tsakanin mallakar takarda da aiki da ita an auna ta a asibitoci. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwa 19 da za a tabbatar a ɗakin tiyata, irin su sunan mara lafiya, gaɓar da za a yi wa aiki, da ƙirga kayan aiki kafin a fitar da shi daga ɗakin. Da aka gwada shi a asibitoci 8, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata sun sauka daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Sai lardin Ontario na Kanada ya wajabta irin wannan jeri. Binciken da aka buga a 2014 kan asibitoci 101 na lardin bai ga wani sauyin a-zo-a-gani ba. Masana da dama sun ɗora laifin a kan yadda aka shigo da shi: a gwajin farko an zauna da likitoci da nas-nas an horar da su ana bibiya, a Ontario kuwa umarni ne ya sauko daga sama, kuma cike gurbi a takarda ba wuya.

Me ke sa ma'aikaci ya ƙi bin abin da aka rubuta masa? Mai gida zai ce lalaci ne. A ganina ba kasafai hakan ke zama gaskiya ba. Duba takardar tukuna. Shafi goma sha biyar ce da Turancin ofis, alhali mai kula da injin Hausa yake karantawa, wani ma ajami. Wanda ya rubuta ta bai taɓa tsayawa a wurin ba, don haka ya ce a kashe inji a wanke matacin injin kowace safiya, bai san cewa da safe ne ake samun wutar NEPA ba, kuma lokacin ne direbobi ke layi suna jiran lodi. Ma'aikaci ya ga in ya bi takarda za a yi masa faɗan jinkiri, in ya tsallake ba mai cewa uffan. Kowa ya san wanne zai zaɓa.

Kamfanin Toyota ya daɗe da gane wannan. A masana'antunsa shugaban rukuni da ma'aikatan layin su ke tsara takardar aikinsu, a manna ta a daidai wurin da ake aikin, kuma in wani ya gano hanya mafi sauƙi a gwada ta a gyara takardar. Ƙaramin kamfani ma zai iya yin haka. A tsaya da wanda ya fi iya aikin, ya yi ana kallo ana rubutawa, sannan a miƙa wa sabon shiga ya gwada bi ba tare da an ce masa komai ba. Duk inda ya tsaya yana waige-waige, wurin ne rubutun ya gaza. A taƙaita shi ya zama shafi ɗaya, da hotuna, a sa masa leda a liƙa jikin bango kusa da injin. Ga wanda karatu ke ba wahala, ɗan bidiyo na minti biyu a WhatsApp ya fi kowace takarda.

Akwai kuma abin da ya fi wannan wuya a wurinmu, wato kunya da girmama na gaba. A jihar Michigan ta Amurka, wani shiri da Dokta Peter Pronovost ya jagoranta a ɗakunan kulawa ta musamman 103 ya rage cutar da ke shiga jini ta bututun jijiya da kusan kashi biyu cikin uku. Matakan guda 5 ne kacal, na farkonsu wanke hannu, kuma babu likitan da bai san su ba. Abin da aka ƙara shi ne an tara kayan aikin duka a keke ɗaya, sannan an ba nas ikon dakatar da likita in ya tsallake mataki, shugabannin asibiti kuma suka tsaya mata. Kwatanta da kantin da aka rubuta cewa ba a fitar da kaya daga sito sai da takarda, sai ga Alhaji da kansa ya aiko ɗan'uwansa ya ɗebi katan biyar. Mai sito zai ce "ranka ya daɗe, takarda fa?" Ba zai ce ba, sai in Alhajin ya taɓa faɗa a gaban kowa cewa shi ma a tambaye shi, kuma ranar da aka tambaye shin ya tsaya ya cike.

SOP yana tsufa. An canja janareto, an sayi sabon inji, mai kawo sinadari ya sauya ƙarfinsa, takarda na nan yadda take. Da ma'aikaci ya kama ta da kuskure ɗaya, ya daina yarda da sauran. Shi ya sa ake rubuta kwanan wata da sunan mai alhakin gyara a saman kowace takarda, kuma ranar da sabuwa ta fito a zaga a ɓalle tsofaffin daga bango, kada masu aikin dare su ci gaba da bin ta bara.